Kafin a Soka Kebul a Jikin Na'urar GPS: Jagora kan Haɗin Wayoyi da Dacewarsu

A daminar bara na shafe kwana uku a ƙauyukan Bokkos ina awon gonakin dankalin Turawa da ƙaramar na'urar Garmin eTrex 10, irin rawayar nan mai aiki da batir biyu. Da na dawo Jos na nemi kebul ɗin da nake sauke bayanai da shi a kwamfuta na rasa, sai na gangara wajen Terminus na tsaya gaban wani saurayi mai tebur. Na nuna masa bakin na'urar, ya zaro kebul ɗaya daga tarin da ke rataye, ya soka, ya shiga daram. Ya ce, "Malam, ai duk ɗaya ne, in dai ya shiga shi ke nan." Da dare na haɗa na'urar da kwamfuta, allonta ya haskaka alamar wuta ta iso, amma kwamfutar ko gezau. Na sauya baki, na kashe na kunna, har zuciyata ta fara raya mini cewa aikin kwana uku ya salwanta. Da gari ya waye na sa reza na tsaga kebul ɗin, na tarar sili biyu ne kacal a ciki, ja da baƙi.

Ban riƙe saurayin a zuciya ba, domin iyakar abin da ya sani ya faɗa, kuma haka akasarin masu amfani da waɗannan na'urori suka ɗauka, daga safiyo da masu haƙar rijiyar burtsatse har ɗaliban ilimin ma'adinai da direbobin da suka gaji na'urar nuna hanya a cikin motar Beljiyam. Amma kama da wane ba ta wane. Kafin a ce kebul ya dace da na'ura sai an tabbatar da abu uku: siffar kansa, yadda aka haɗa silin da ke cikinsa, da ƙarfin wutar da zai kawo. Na farkon ne kaɗai ido yake gani, sauran biyun kuwa sai da awo, kuma a cikinsu ne asara take. Domin kada kalmar waya ta rikita mu da wayar hannu, a nan kebul shi ne igiyar gaba ɗayanta, sili shi ne kowace siririyar waya da ke cikinsa, kai shi ne abin da ake sokawa, baki shi ne ramin da ke jikin na'ura, ƙafafu kuma su ne ƙananan ƙarafan da ke taɓa juna idan an soka.

Mataki na farko: a gane bakin na'ura

A ɗaga murfin robar da ke bayan na'urar ko a gefenta, a haska da fitila, a dubi ramin da kyau. Mafi yawan na'urorin da ke hannun jama'a a nan suna da bakin mini-USB, wanda ya fito tare da USB 2.0 a shekarar 2000, kuma a kasuwa an fi saninsa da V3, sunan da ya samo daga wayar Motorola RAZR V3. Shi ne a jikin eTrex 10, 20 da 30, da GPSMAP 62 da 64, da yawancin na'urorin mota na Garmin masu suna nüvi. Yana da ɗan kauri, da kafaɗu a gefe biyu. Micro-USB, wato V8 a bakin 'yan kasuwa, ya zo a 2007, ya fi shi siranta, kuma shi ne a jikin GPSMAP 66. Sababbi irin su GPSMAP 67 da eTrex SE sun koma USB-C, mai shiga ta kowace fuska. Tsofaffi kuwa, irin su GPS 12, GPS 72 da GPSMAP 76, suna da zagayayyen baki mai ƙafa huɗu, wanda ba USB ba ne sam, kuma zancensa na tafe.

Akwai tarko guda a nan. Wasu kyamarorin hoto suna amfani da wani ƙaramin kai mai ƙafa takwas da ya yi kama da mini-USB in an hango shi a cikin leda. A ƙirga ƙafafun: na na'urar GPS biyar ne. Duk kan da bai shiga da sauƙi ba kada a tilasta shi, domin bakin da ke ciki dalma ce kawai ta riƙe shi a kan allon na'ura, kuma idan ya ɓalle gyaransa ya fi kuɗin kebul goma.

Mataki na biyu: a san aikin kowace ƙafa

Mini-USB da micro-USB tsarinsu ɗaya ne. Ƙafa ta 1 ita ce mai kawo wuta, bolt 5, kuma bisa al'ada jan sili ne ke zuwa gare ta. Ta 2 da ta 3 su ne hanyar bayanai, fari a ta 2, kore a ta 3. Ta 5 ita ce ta ƙasa, wato mai alamar ragewa, da baƙin sili. Ta 4 kuwa ba ta da sili ko kaɗan a cikin kebul na yau da kullum. A cikin kan take tsayawa, aikinta shi ne ta shaida wa na'ura irin abin da aka soka mata. Wannan ƙafa da ba a kula da ita ita ce tushen rabin koke-koken masu na'urar mota.

A ɗaya ɓangaren, babban kai mai faɗi da ake sokawa a kwamfuta yana da ƙafa huɗu: biyun gefe, waɗanda suka ɗan fi tsawo, na wuta ne, biyun tsakiya na bayanai. Tun a shago ana iya leƙa cikinsa, domin wasu kebul ɗin caji zalla ba a ma sa musu biyun tsakiyar ba. Irin waɗannan su ne ke zuwa da ƙananan rediyoyin nan masu ɗaukar memori da ake sauraron karatu da wa'azi da su, kuma su suka cika kasuwa, shi ya sa idan mutum ya ce a ba shi V3 galibi su ake miƙo masa.

Launin sili ba abin dogaro ba ne. Na sha tsaga kebul in ga shuɗi da ruwan hoda, na kuma taɓa samun wanda jan silinsa ne ke zuwa ƙasa. Launi ya zama abin fara zato, mitar awon wuta ta yanke hukunci.

Mataki na uku: gwaji da mita

Ana bukatar mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo, da kuma bakin mini-USB da ba ya jikin komai, wanda za a iya cirowa daga matacciyar rediyo ko a sayi wanda aka riga aka ɗora a kan ɗan allo mai ramuka biyar. Amfaninsa shi ne ƙafafun da ke cikin kan kebul sun yi ƙanƙanta da tsinken mita, kuma cusa allura a ciki yana buɗa su har su daina kamawa.

A soka kebul a wannan baki, kada a haɗa ɗaya kan da komai, a juya mita zuwa wurin da take yin ƙara idan tsinkenta biyu suka haɗu. A ɗora tsinke ɗaya a kan ƙafa guda ta babban kai, a bi ƙafafun ƙaramin bakin da ɗayan. Kowace ƙafa ta babban kai ya kamata ta yi ƙara da ƙafa ɗaya tak. Idan biyun tsakiya ba su yi ƙara da komai ba, kebul ɗin na caji ne kawai, ba zai taɓa sauke fayil ba. Idan ƙafa ɗaya ta yi ƙara da biyu, sili ya haɗe a ciki, sai a jefar da shi. Yayin da ake wannan gwaji a riƙa lanƙwasa kebul ɗin a gindin kowane kai, domin a nan sili yake karyewa, kuma karyayyen sili yakan yi ƙara idan an miƙe shi ya yi shiru idan an lanƙwasa.

Daga nan a soka babban kan a cajar da ake son amfani da ita, a mai da mita kan awon bolt na wutar batir, baƙin tsinke a ƙafa ta 5, jan a ta 1. Abin da ake so shi ne tsakanin 4.75 da 5.25. Idan alamar ragewa ta fito a gaban lambar, an juya silin wuta, kuma irin wannan kebul yana iya ƙona na'ura cikin ƙiftawar ido. A ƙarshe a cire wuta, a koma awon om, wato awon turjiyar da wuta ke gamuwa da ita, a auna tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5, a rubuta abin da aka samu, domin shi ne mabuɗin mataki na gaba.

Wanda ba shi da mita zai iya ɗan gwadawa da kwamfuta: na'urar Garmin da ta haɗu daidai takan bayyana kamar filas, a ga folda mai suna Garmin, a cikinta wata mai suna GPX, inda wuraren da aka ɗauka da hanyoyin da aka bi suke. Wannan gwaji yana nuna silin bayanai na nan, amma ba ya nuna lafiyar caja.

Mataki na huɗu: ƙafa ta huɗu da na'urar mota

Ga abin da direbobi suke kawo ƙara a kai. Cajar asali ta nüvi ta ɓace ko ta lalace, an sayo cajar waya da kebul na V3 mai sili huɗu, an soka a mota, sai allon ya nuna hoton kwamfuta haɗe da na'ura, taswira ta ɓace. Wasu na'urorin sukan dawo kan taswira bayan ɗan jira, wasu kuwa nan za su tsaya, wasu kuma su yi aiki amma batir ya riƙa raguwa alhali suna jone. Ba lalacewa na'urar ta yi ba. Ta duba ƙafa ta 4 ne ta tarar ba a haɗa ta da komai ba, sai ta ɗauka kwamfuta aka haɗa ta da ita. A cikin kan cajar asali akwai 'yar resista, wato ɗan abin da ke yi wa wuta turjiya, mai kimanin kilo-om 17 tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5, kuma ita ce ke gaya wa na'urar cewa caja ce, ta ci gaba da nuna hanya, ta ja wutar da ta kai amfiya ɗaya, wato ma'aunin yawan wutar da ake ja. Bakin USB 2.0 na kwamfuta rabin amfiya kawai yake bayarwa, don haka na'urar da ta zaci kwamfuta ce takan taƙaita abin da take ja.

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi cajar da aka yi musamman don Garmin, ko ta hannu ce, kuma a auna ta kafin a biya. Idan an ga wani kumburi a tsakiyar kebul ɗin asali kada a tsorata, na'urar karɓar labarin cunkoson hanya ce da aka yi don biranen Turai da Amurka, kuma ba ta hana kebul ɗin kawo wuta. Wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma kuwa zai iya haɗa nasa, ga yadda nake yi.

A sayi kan mini-USB na haɗawa da hannu, wanda ke zuwa da murfinsa daban, a tabbatar yana da wurin dalma biyar a baya, domin wasu huɗu ne da su, ba su fitar da ƙafa ta 4 ba. A nemi resista mai kilo-om 18, wadda ta fi sauƙin samu kuma ta isa kusa da abin da ake bukata. Zanen da ke jikinta ruwan ƙasa ne, sai toka-toka, sai ruwan lemo, amma duk da haka a auna ta. A soka sabon kan a bakin gwaji, a bi da mita a gano wane wurin dalma ne na wace ƙafa, domin jerinsu a baya ba lallai ya bi jerin gaba ba, wasu ma uku a sama biyu a ƙasa suke. A yanke tsohon kan daga kebul mai kauri, a fere bawon kamar santimita ɗaya da rabi, a gano mai wuta da na ƙasa da mita. Kafin a taɓa dalma a zura murfin kan da robar da ke tsukewa da zafi a jikin kebul, domin wanda ya manta da wannan sai ya warware aikinsa duka. A shafa wa bakin kowane sili dalma kaɗan, a shafa wa wuraren da za su zauna, sannan a haɗa mai wuta da ƙafa ta 1, na ƙasa da ta 5, a gajarta ƙafafun resista sosai a ɗora ta tsakanin ta 4 da ta 5. Fari da koren sili a yanke su gajeru, a rufe kowanne daban, tunda wannan kebul na mota ne. Kada ƙarfen ya daɗe a kan ƙafa fiye da daƙiƙa biyu ko uku, in ba haka ba robar da ke riƙe ƙafafun za ta narke su karkace. Kafin a rufe murfi a maimaita gwajin mataki na uku gaba ɗaya, musamman a tabbatar babu ƙara tsakanin ƙafa ta 1 da ta 5, sannan a ɗiga gam mai zafi a ciki ya riƙe komai.

Kada a rikita wannan da kebul ɗin OTG da ake haɗa filas da waya da shi. A cikinsa ƙafa ta 4 haɗe take da ta 5 kai tsaye babu resista, mita za ta nuna sifili, kuma an yi shi ne don wata manufa daban. Ina ba da shawara a ɗaura wa kebul ɗin da aka haɗa jan salatif a rubuta "mota" a jiki, don kada wata rana a ɗauke shi zuwa ofis a yi ta fama da kwamfuta.

Masu na'urar hannu irin GPSMAP 62 da 64 ba sa bukatar wannan wahala. A shiga Setup, sai System, sai Interface, a zaɓi Garmin Spanner. Daga nan duk lokacin da aka soka kebul na'urar za ta tambaya ko a shiga yanayin ajiyar fayil, idan aka ce a'a sai ta ci gaba da aiki da wutar waje, ko ta mota ko ta fawabank. Sai dai a sani cewa eTrex 10, 20 da 30 ba sa cajin batirin da ke cikinsu ko da an kwana a jone, ita kuma GPSMAP 64 ba ta cajin kowane batir sai haɗaɗɗen fakitin da Garmin ta yi mata. Na ga mutumin da ya canza kebul uku yana neman cajin da na'urarsa ba a yi ta da shi ba.

Mataki na biyar: kauri da tsawo

Kebul yana iya cin duk gwajin da ya gabata amma ya kasa riƙe na'ura, saboda silinsa ya yi siriri. A jikin kebul na kirki akan rubuta lamba tare da haruffan AWG, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon sirantar silin. Silin tagulla mai lamba 28 yana da turjiyar kusan om 0.21 a kowace mita ɗaya ta tsawo. Kebul mai tsawon mita biyu, zuwa da dawowa mita huɗu ke nan, wato om 0.85, don haka idan na'ura ta ja amfiya ɗaya, bolt 5 da suka baro caja za su iso kusan 4.15, abin da bai isa caji ba. Da sili mai lamba 24 ne, asarar ba za ta wuce bolt 0.34 ba. Saboda haka a nemi wanda silin wutarsa 24 ne ko ƙasa da haka, kuma kada a ɗauki mita uku inda mita ɗaya ta isa. Kaurin bawo ba shaida ba ne, domin akwai masu cika roba su sa sili kamar gashi. Idan an tsaga kebul, a kusanto da maganaɗisu: silin da ya manne masa ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, ba shi da amfani a nan.

Mataki na shida: wutar mota

Soket ɗin sigari na ƙaramar mota yana ba da bolt 12 idan inji a kashe yake, ya haura wajen 14 idan yana aiki. Manyan motoci da yawa, irin tirela da tifa, bolt 24 ne. Caja ce ke sauko da wannan zuwa 5, don haka a karanta jikinta a ga ko ta yarda da 24 kafin a soka ta a babbar mota. Wanda yake son a ɓoye kebul a bayan dashbod, ko ya haɗa na'ura a babur, ya tsaya a kan mai wayarin ya ga an sa akwatin rage wuta da fis, an kuma ɗauko wutar daga layin da ke mutuwa idan an zare makulli. Jan silin USB ba ya zuwa batirin mota kai tsaye ko da wasa.

Idan cajar asali ta daina aiki, kafin a yar da ita a kwance hancinta. A ciki akwai ɗan fis na gilashi, da sifirin, da ƙaramin ƙarfen da ke taɓa tsakiyar soket. Sau da yawa fis ɗin ne ya yanke. A musanya shi da mai lamba ɗaya da wadda ke rubuce a jikinsa, kada a naɗa masa takardar sigari ko sili kamar yadda wasu ke yi, domin ranar da matsala ta taso na'urar ce za ta zama fis.

Abu biyu kuma sukan sa a zargi kebul bisa kuskure. Na farko, caja mai arha tana iya fitar da hayaniyar lantarki da ke danne siginar tauraron ɗan'adam, wadda dama ta raunana kafin ta iso daga nisan kilomita 20,200. Gwajinsa a buɗe shafin da ke nuna sandunan sigina, a soka caja, a cire, a gani ko sandunan suna faɗuwa suna tashi. Idan haka ne a canza caja, ko a maƙala wa kebul ɗin baƙin zoben nan na ferayit kusa da kai. Na biyu zafi ne. Batirin lithiyam yakan ƙi karɓar caji idan ya wuce kimanin digiri 45, kuma na'urar da ke manne da gilashi tana iya yin lafiya a sanyin Jos, amma da an gangara Hawan Kibo aka nufi Akwanga da tsakar rana sai caji ya tsaya. A juyo mata iskar na'urar sanyaya mota ko a kare ta daga rana.

Game da USB-C

Cajar da bakinta USB-C ne ba ta sakin wuta sai ta ji resista mai kilo-om 5.1 a ɗaya ɓangaren. Shi ya sa wani ɗan mahaɗi mai arha da ke mai da USB-C zuwa mini ko micro yakan yi aiki da tsohuwar caja mai faffaɗan baki, ya yi shiru da sabuwa. Ga tsohuwar na'ura, caja mai faffaɗan baki da kebul guda ba tare da mahaɗi ba ya fi kwanciyar hankali. Cajar gaggawa ta kirki ba ta haura bolt 5 sai na'ura ta nema, amma wadda ba a san asalinta ba a auna ta tukuna.

Mataki na bakwai: tsofaffi masu zagayayyen baki

Har yanzu akwai GPS 72 da GPSMAP 76 a ofisoshin awon fili da ɗakunan ajiyar makarantu, kuma ina ganin bai kamata a yar da na'urar da ke aiki saboda rashin kebul ba. A kebul ɗin Garmin mai zagayayyen kai, ja wuta ne, baƙi ƙasa, ruwan ƙasa shi ne bayanan da ke fita daga na'ura, fari kuma masu shiga. A kan da ake sokawa a kwamfuta, mai ƙafa tara, wanda ake kira DB9 ko siriyal, ruwan ƙasa yana zuwa ƙafa ta 2, fari ta 3, baƙi ta 5. Lambobin suna rubuce ƙanana a jikin robar kan. Jan sili ba ya zuwa kwamfuta ko kaɗan.

Tunda yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wannan baki, sai an haɗa da kebul mai mai da USB zuwa siriyal. Na fi amincewa da mai ƙwaƙwalwar kamfanin FTDI, domin jabun na kamfanin Prolific sun yi yawa, kuma Windows takan ƙi su ta nuna kuskure mai lamba 10. A duba lambar COM, wato lambar bakin da kwamfuta ta ba shi, a sa na'urar a kan NMEA, wato tsarin da na'urorin GPS ke aika bayanai da shi, a buɗe manhaja irin PuTTY da gudun aika bayanai na 4800. Idan komai ya yi daidai za a ga layuka suna gangarowa, masu farawa da $GPRMC da $GPGGA. Idan tarkacen haruffa ne suka fito, gudun ne bai dace ba. Idan babu komai, a musanya silin ƙafa ta 2 da ta 3, wanda ba ya cutar da na'ura. Manhajojin Garmin na sauke wurare kuwa suna so a mai da na'urar kan tsarin Garmin maimakon NMEA.

Babban haɗarin yana wajen wuta, domin kai iri ɗaya ba ya nufin ƙarfi iri ɗaya. GPS 72 da 76 suna karɓar wutar mota kai tsaye, amma GPS 12 ba ta wuce bolt 8, tsohuwar eTrex mai ƙarafa huɗu a baya kuwa wajen bolt 3 take so. A duba littafin na'urar kafin a ba ta wutar waje, in ba a same shi ba a bar ta a kan batir, a yi amfani da kebul don bayanai kawai. Ɗalibai masu haɗa ƙananan allunan GPS irin NEO-6M su ma su kula: siginarsu ta bolt 3.3 ce, gudunsu na asali 9600, kuma ba a haɗa su da DB9 sai an ratsa da ƙwaƙwalwa irin MAX3232.

Kebul ɗin eriya

Na'urori irin GPSMAP 60CSx da 64s suna da ɗan zagayayyen baki na eriyar waje mai suna MCX, wanda ake dannawa ya kama. Yana da ƙane mai suna MMCX da bai kai shi girma ba. Masu zare kuwa SMA ne, kuma akwai takwaransa RP-SMA na eriyar intanet, wanda zarensa ke ɗauruwa daidai amma allurar tsakiya ba ta haɗuwa. A rediyon mota mai taswira, shuɗin kan FAKRA shi ne na GPS. Ta cikin wannan siririn kebul na'ura take aika wa eriya 'yar wuta, bolt 3 zuwa 5, saboda haka idan ƙofar mota ta matse shi har tsakiya ta taɓa ragar waje, sigina za ta ɗauke gaba ɗaya. Irin wannan kebul ba a yi masa ɗauri da salatif, sai dai a canza shi.

Kula da bakin na'ura

A lokacin hunturu ƙura takan taru a cikin bakin har kai ya daina zama sosai, musamman ga masu aiki a tsofaffin filayen kuza na Bukuru da Barkin Ladi. A kashe na'ura, a cire batir, a sa tsinken sakace na itace a kwashe dattin a hankali, sannan a goge da burushi da aka ɗan jiƙa da sifirit, a bari ya bushe. Allura ko fil ba su da wuri a nan. Da damina kuma, alƙawarin da kamfani ya yi cewa ruwa ba ya shiga na'urar ya dogara ne ga murfin robar nan ya rufu ruf, kuma idan an dawo daga ruwan Agusta a goge bakin da kewayensa su bushe kafin a soka komai, domin wuta da danshi su ne ke haifar da koren tsatsar da ke cin ƙafafu. A mota a zaɓi kai mai lanƙwasa wanda ya fuskanci inda kebul zai bi, tunda akwai mai juyawa dama akwai mai juyawa hagu, a kuma naɗa kebul ɗin sau ɗaya a wuyan mariƙin gilashi domin girgizar hanya ta sauka a kan mariƙin maimakon bakin na'ura. Ni yanzu kebul biyu da na gwada da mita nake ajiyewa, ɗaya a cikin jakar na'urar, ɗaya a aljihun jakar kwamfuta, kuma kafin in bar Jos zuwa aikin fili sai na haɗa na ga foldar GPX ta buɗe.